Ciwon Matsematsi Da Kwanciyar Jini Bayan Aikin Gyaran Bugun Zuciya

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin 'ya'yanmu likitoci ya gabatar a wajen taron wayar da kai kan kiwon lafiya da ƙungiyarmu ta shirya a Sabo, Ibadan. Mun kawo shi kamar yadda ya faɗa, domin amfanin waɗanda ba su sami halarta ba.

 

Kafin in shiga magana ina neman afuwar iyayena da ke zaune a nan, domin wurin da zan yi bayani a kansa wuri ne na kunya, wato matsematsi, mahaɗar cinya da mara. To amma Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Dalilin da ya sa kwamiti ya zaɓi wannan magana shi ne, yanzu ana samun 'yan'uwanmu da ake yi wa aikin gyaran bugun zuciya, wasu a Indiya, wasu a Masar, wasu kuma a 'yan asibitocin da ke yin sa a ƙasar nan. Mutum zai sayar da kadara, dangi su haɗa taimako, a yi aiki lafiya, amma ya dawo gida ya ga cinyarsa ta yi baƙi tana ciwo, sai hankalinsa ya tashi. Daga nan ko dai ya ɓoye saboda kunya, ko kuwa ya bi shawarar maƙwabta wadda za ta rushe duk abin da aka gina. Wannan shi ne abin da nake so mu tare yau.

YADDA AKE YIN AIKIN

Zuciya tana da nata lantarkin da Allah ya halitta mata, shi ne ke ba ta umarnin bugawa, kamar sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya idan mutum yana hutawa. Wani lokaci sai wani ɗan wuri a jikin zuciyar ya riƙa aika umarni na daban, sai bugun ya rikice, ko ya yi gudu har sau 150 ko fiye. Mai wannan lalura zai riƙa jin faɗuwar gaba, da jiri, da haki, wani ma har ya suma. Idan ƙwayoyi sun kasa, sai likita ya ce a je a ƙona wannan wurin. Wannan aikin shi ne likitoci ke kira ablashin.

Ba a tsaga ƙirji. Abin da ake yi shi ne a huda babbar jijiyar jini da ke matsematsi, galibi na dama, wani lokaci duka biyun, a zura wasu siraran wayoyi masu rigar roba su bi jijiyar har cikin zuciya. Idan an gano wurin da ke kawo rikicin, sai a kashe shi da zafi, ko da sanyi mai tsanani, ko kuma da wata sabuwar hanya ta harba lantarki. Wani likita ne mai suna Melvin Scheinman ya fara yi wa ɗan Adam irin wannan aiki a Amurka a shekarar 1981. Sannan a 1998 Michel Haïssaguerre da abokan aikinsa a birnin Bodo na Faransa suka gano cewa rikicin bugun da ya fi yawa a tsakanin manya yana tasowa ne daga bakin jijiyoyin da ke kawo jini daga huhu zuwa zuciya. Saboda haka aiki ne da ya daɗe, an kuma san kansa.

To me ya kawo ciwo a cinya alhali zuciya aka yi wa aiki? Dalili uku ne. Na farko, hudar ba irin ta allura ba ce, domin bututun da ake sakawa yakan kai kaurin milimita 2 zuwa 5, kuma sau da yawa huda biyu ko uku ake yi a wuri ɗaya. Na biyu, ana ba mutum maganin tsinka jini lokacin aikin da kuma bayansa, don kada jini ya yi guda a cikin zuciya, saboda haka dole ne ɗan jini ya tsiyaya ƙarƙashin fata. Na uku, bayan an zare bututun sai an danne wurin da ƙarfi, ko a yi ɗinki, sannan mutum ya kwanta rigingine na wasu sa'o'i ba tare da ya lanƙwasa ƙafa ba. Dannewar nan kaɗai ta isa ta bar tsami.

ABIN DA BA NA TSORO BA NE

Jama'a, a riƙe wannan magana ko da za a manta da saura: launi ba shi ne abin tsoro ba, kumburin da ke ƙaruwa shi ne abin tsoro.

Jinin da ya kwanta ƙarƙashin fata yana bin gangare ne kamar ruwa. Saboda haka kwana biyu ko uku bayan aiki sai mutum ya ga baƙin ya faɗaɗa, ya gangara cinya, wani har kusa da gwiwa, wani kuma ya shiga al'aura. Wannan yakan firgita maza ƙwarai, amma idan wurin yana da taushi, ba ya ƙara kumbura, ciwon kuma kullum raguwa yake yi, to ba sabon jini ne ke fita ba, tsohon ne yake yawo. A fatar mu baƙaƙe ba lalle ne a ga shuɗi ko kore kamar yadda takardun asibitin Turawa ke faɗi ba, sai dai a ga wurin ya fi sauran jiki duhu, daga baya ya riƙa washewa. Yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin ya ɓace, ga mai shan maganin tsinka jini kuwa yana iya wuce haka.

Haka kuma ana iya jin ɗan ƙullutu mai tauri kamar ƙwayar gyaɗa ko gurjiya a daidai hudar. Wasu sukan ɗauka kaluluwa ce. A'a, tabo ne da ɗan daskararren jini, kuma yakan yi makonni kafin ya narke. Wasu kuma sukan ji dindiris ko tsira-tsira kamar tafiyar tururuwa a gaban cinya, domin akwai jijiyar laka da ke maƙwabtaka da wurin, idan ta sha danniya sai ta yi fushi na ɗan lokaci. Wannan ma yakan wuce, amma a faɗa wa likita in an koma ganinsa.

Ga wata dabara mai sauƙi. Ranar da aka dawo gida, a sami biro a zagaye iyakar ƙullutun, ba iyakar baƙin ba, a kuma ɗauki hotonsa da waya safe da yamma. Ta haka ba sai an yi ta gardama ba kan ya ƙaru ko bai ƙaru ba. Wanda ba ya iya ganin wurin da kyau saboda ƙiba, matarsa ta duba masa, mace kuma mijinta ko 'yarta.

ABIN DA BA A JIRAN GARI YA WAYE

Matsala babba a wannan wuri ba ta da yawa, tana samun kamar mutum 1 zuwa 4 ne a cikin 100. Amma idan ta zo ba ta son jinkiri. Ga alamomin:

Na ɗaya, jini ya ɓalle daga hudar, ko kumburi ya taso nan take yana girma ana gani. Abin yi shi ne mutum ya kwanta rigingine a ƙasa, wani mai ƙarfi ya sa tsumma mai tsabta ya danne wurin sosai na minti 10 zuwa 15 da agogo, ba tare da ɗagawa don leƙe ba. A lokacin nan wani ya tafi neman mota. Ko jinin ya tsaya a sanar da likita, in kuwa bai tsaya ba a tafi asibiti ana danne da wurin, mara lafiya yana kwance.

Na biyu, ƙullutu mai harbawa kamar zuciya, mai zafin ciwo, ko wanda in ka ɗora hannu za ka ji yana kaɗawa. Kusa da jijiyar da aka huda akwai wata mai ɗauke da jini da ƙarfi daga zuciya, idan ta sami rauni sai jini ya yi jaka a gefenta. Da sikanin ake ganewa, kuma sau da yawa ana magance shi da dannewa ko allura ba tare da tiyata ba, muddin an zo da wuri.

Na uku, ciwon baya ko na kwiɓi ko na mara mai tsanani, tare da jiri, da zufa mai sanyi, da kasala. Wannan yana iya zama jini ne ke zuba ta ciki inda ido ba ya gani. Kada a ce ai wajen bai kumbura ba.

Na huɗu, ƙafar ta yi sanyi, ta ɗashe, ta mutu, ko kuwa duk ƙafar da ɗamɓubu su kumbura suna ciwo fiye da ɗayar.

Na biyar, wurin ya yi zafi, yana fitar da mugunya ko ruwa mai wari, ga zazzaɓi.

Bari in ƙara da waɗanda ba na cinya ba, domin duk tafiyar ɗaya ce. Ciwon ƙirji mai tsanani, ko numfashi ya gagara, ko suma. Baki ya karkace, ko magana ta sarƙe, ko hannu ya saki. Sai kuma zazzaɓi ko zafi wajen haɗiyar abinci a cikin wata biyu na farko. Don Allah a kula da wannan na ƙarshe. Mu nan duk zazzaɓi maleriya muke kiransa, sai a aika yaro kemis. To maƙoshin da abinci ke bi yana manne ne da bayan zuciya, a wasu lokuta ƙalilan ƙunar takan taɓa shi, kuma abu ne mai kisa idan aka yi sakaci. Wanda aka yi wa wannan aiki in ya yi zazzaɓi, asibiti zai tafi, kuma kalmar farko da zai faɗa wa likita ita ce an yi masa ablashin ranar kaza.

KULA DA WURIN A GIDA

Maganin ciwo shi ne farasitamol, wato irin su Panadol: ƙwaya biyu masu miligiram 500, a bar aƙalla sa'a 4 zuwa 6 tsakani, kada a wuce ƙwaya 8 a kwana ɗaya. Mai ciwon hanta ko mai ƙaramin jiki ya tambayi likita tukuna. Amma a guji ibufurofen da diklofenak da asfirin, sai in likitan zuciya ne ya rubuta. Hodar Alabukun da 'yan dako da direbobi ke sha don gajiya akwai asfirin a cikinta, saboda haka ba ta haɗuwa da maganin tsinka jini. Haka ma haɗin ƙwayoyin da masu talla ke ƙullawa a leda, da agbo, da jiƙe-jiƙenmu na gida, a dakata da su, domin ba a san yadda za su yi da maganin asibiti ba.

Iyayenmu mata, na san abin da muka gada shi ne in jini ya kwanta a gasa shi da ruwan zafi, a murza da man zafi. A wani wurin yana da amfani, amma ban da nan. Hudar da ke cikin jijiya ɗan gudan jini ne ya toshe ta, kamar yadda ake toshe randa mai yoyo. Gashi da tausa suna iya ɓamɓare wannan toshiyar. Kada a shafa Robb ko Aboniki a kan hudar. Ina kuma roƙon wanzamanmu, da girmamawa, duk wanda ya zo yana son a yi masa ƙaho ko tsaga don a fitar da mataccen jini, a tambaye shi ko yana shan maganin tsinka jini. In ya ce i, a ba shi haƙuri. Abin da ya halatta shi ne ƙanƙara a naɗe cikin tawul a ɗora a hankali na minti 10 zuwa 15 a kwanakin farko.

Wanka kuwa, galibi bayan kwana ɗaya ana iya cire filasta a watsa ruwa, a wanke da sabulu a hankali ban da soso, a tsane da tawul mai tsabta. Wuri ne mai zufa, ga zafin ƙasar nan, saboda haka a bar shi a bushe, a sa wando mai yalwa, kada mazagi ya zauna a kan hudar. Ban da hoda, ban da mai.

SANA'A DA IBADA

Nan ne gizo ke saƙar, domin yawancinmu in ba mu fita ba babu na cefane. Ƙa'idar ita ce kada a ɗauki abin da ya wuce kilo 5 har tsawon mako guda. Mu auna da abin da muka sani: bokitin ruwa mai lita 10 kilo 10 ne, jarka mai lita 25 kilo 25 ce. Ka ga ke nan ba a maganar buhun wake a Bodija, ko kwandon tumatir, ko huhun goro, ko tura baro, ko kokawa da sa a kara. Uwa ma kada ta ɗauki yaro ko ta yi goyo, kada ta yi daka. Mai aikin ƙarfi ya ƙara mako na biyu, ya kuma ji ta bakin likitansa. Mai zama a shago ko teburin canji yana iya komawa bayan 'yan kwanaki, muddin zai riƙa miƙewa yana taka ƙafa.

Hutu ba kwanciya ba ce. A riƙa zagayawa a tsakar gida tun rana ta farko, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan, domin kwanciya wuni guda ita ke kawo gudan jini a ƙafa. Matakala a hau ta a hankali. In tari ko atishawa ta zo, a dafe wurin da hannu. A sha ruwa, a ci ganye da 'ya'yan itace don kada ciki ya ɗaure, domin yunƙuri a bayan gida yana matsa wa jijiyar. Wanda masansa na tsuguno ne, a nema masa kujerar roba mai huda na mako ɗaya. Kusantar iyali ma a jinkirta kamar mako guda.

Hawan okada a bar shi, saboda buɗe ƙafa da gargada. Tuƙin mota kuwa, a Ingila doka ta hana mai ƙaramar mota tuƙi sai bayan kwana 2, direban babbar mota kuma sai bayan aƙalla mako 2. Direbobinmu na tirela da ke dogon zango zuwa Kano da Sakkwato su yi wa kansu wannan adalci. Wanda kuma ya ƙosa ya je gida Arewa a gan shi, ya bari wurin ya kama tukuna, in ya tashi tafiya a riƙa tsayawa yana saukowa yana taka ƙasa.

Game da salla, malamai na nan, su ne masu fatawa. Abin da zan faɗa ta fuskar likita shi ne sujada da zaman tahiya suna lanƙwasa daidai wurin da aka huda, saboda haka a kwanakin farko kujera ta fi. Malamanmu sun san hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Buhari, wanda ya ba mara lafiya sauƙin yin salla a zaune ko a kishingiɗe. Kada kunyar idon jama'a ta sa dattijo ya takura wa kansa. In kuwa aikin ya zo kusa da azumi, a zauna da likita da malami tun kafin wata ya tsaya, domin wasu ƙwayoyin sau biyu ake shan su a rana a kan lokaci.

KADA A DAINA MAGANI

Wannan ita ce babbar magana. Mutum ya ga cinya ta yi baƙi, sai ya ce ai maganin nan ne ke tsinka mini jini, bari in ajiye shi. Wallahi wannan ganganci ne. Wurin da aka ƙona a cikin zuciya ɗanyen miki ne, jini yana iya yin guda a kansa, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Shi ya sa waɗanda aka yi wa aikin saboda rikicin bugun nan na manya ake ba su warfarin, ko Xarelto, ko Eliquis, ko makamantansu na aƙalla wata biyu, wasu ma har iyakar rayuwa. Baƙin cinya zai wuce cikin wata guda, amma shanyewar jiki tana iya zama ta har abada. Likita ne kaɗai ke da ikon ragewa ko tsayarwa. Kuma tun da magungunan suna da tsada, a tanadi na wata mai zuwa kafin na hannu ya ƙare.

Haka kuma in an ji bugun zuciya ya ɗan rikice a wata biyu zuwa uku na farko, ba shi ke nuna aiki ya lalace ba, zuciyar ce take warkewa. A sanar da likita, amma kada a yanke ƙauna.

ROƘO GA ƘUNGIYA

Zan rufe da roƙo uku. Na farko, duk wanda za a yi wa aiki a waje, kada ya baro asibitin sai da takardar bayanin abin da aka yi masa, da sunayen magungunansa, da lambar da zai kira. Kuma tun kafin ya tafi ya sami likitan zuciya a nan garin wanda zai ci gaba da duba shi. Na biyu, ƙungiya ta ware matasa, maza da mata, masu jin Turanci da Yarbanci, waɗanda za su riƙa raka marasa lafiya asibiti, domin da yawa daga iyayenmu mata ba za su iya faɗin irin wannan ciwo ta bakin namiji ba. A kuma san motar wa za a buga wa ƙofa cikin dare. Na uku, abokan sana'a su riƙe wa ɗan'uwansu rumfarsa na mako ɗaya ko biyu, a kai wa iyalinsa cefane, domin rashin na abinci ne ke fitar da mutum kasuwa kafin ya warke. Mu baƙi ne a nan, dangin kowa suna nesa, mu ne dangin juna.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa kaffara ne, ya ƙara mana zaman lafiya da masu masaukinmu.